Fairport Convention: shekarar da tsofaffin waƙoƙin Ingila suka sha wutar lantarki

Da asubahin ranar 12 ga watan Mayu na shekara ta 1969, wata mota tana komowa Landan daga birnin Birmingham, bisa babbar hanyar da ake kira M1. Cikinta akwai samarin ƙungiyar makaɗa ta Fairport Convention tare da kayan kiɗansu, bayan sun raba dare suna wasa a wani gidan rawa. Sun kusa shiga Landan ke nan sai barci ya sace direba, mota ta bar hanya ta wuntsila. Martin Lamble, mai ganga, ya rasa ransa yana ɗan shekara 19. Haka ma Jeannie Franklyn, budurwar Richard Thompson mai gitar. Sauran sun ji raunuka, kuma Ashley Hutchings, mai gitar bas, ya daɗe yana jinya. Zabiyarsu, Sandy Denny, ita kaɗai ce ba ta cikin motar a wannan dare.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta watse ke nan. Amma wata bakwai bayan haɗarin, cikin Disamba, sai ga ta da faifai mai suna Liege & Lief, wanda mafi yawan waƙoƙinsa sun girmi kakannin masu kaɗa su. A shekara ta 2006 masu sauraron gidan rediyon BBC suka zaɓe shi a matsayin faifan waƙoƙin gargajiya da ya fi kowane tasiri. Abin da ya sa ake ba shi wannan daraja yana da tushe tun kafin haɗarin, cikin faya-fayi biyu da suka gabace shi a wannan shekarar.

Kayan aro

An kafa ƙungiyar a 1967 a arewacin Landan. Sunanta ma daga gida ya fito: Fairport sunan gidan iyayen Simon Nicol ne a unguwar Muswell Hill, inda suke taruwa suna gwaji. Yara ne ƙwarai. Nicol bai cika shekara 17 ba, Thompson yana da 18, Hutchings ne babbansu da shekara 22. Kamar sauran samarin Ingila na lokacin, kunnuwansu suna Amurka. Waƙoƙin Bob Dylan da na Joni Mitchell suke rerawa, da lafazi irin na can, har ƴan jarida suna kwatanta su da ƙungiyar Jefferson Airplane ta San Faransisko. Wanda ya ɗauke su aiki kuwa, Joe Boyd, shi kansa Ba'amurke ne, kuma yana cikin masu kula da dandali a bikin Newport na 1965, ranar da Dylan ya hau da gitar mai lantarki, wasu daga cikin jama'a suka yi masa ihu.

Aron nasu ya kai har ga harshe. Waƙarsu guda ɗaya da ta taɓa shiga jerin waɗanda aka fi saye a Ingila da Faransanci aka rera ta: Si Tu Dois Partir, fassarar wata waƙar Dylan, wadda suka nemi masu jin Faransanci cikin ƴan kallo suka taimaka musu wajen juya ta. Duk wanda ya yi lakkol ya saurare ta zai ji Faransancin yana ɗingishi. Duk da haka ta hau har matsayi na 21 a 1969.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Samarin sun gane haka lokacin da ƙungiyar The Band ta fitar da faifanta Music from Big Pink a 1968. Sun saurare shi sun ga cewa kiɗan Amurka yana da saiwa a ƙasarsa, cikin majami'unta da gonakinta, kuma ɗan Landan ba zai taɓa kamo waɗannan mutane a fagensu ba. Abin da ya rage shi ne su nemi tasu saiwar. Sai dai a wancan zamani saurayin birni a Ingila in ya ji an ce waƙar gargajiya, abin da yake tunawa shi ne malamar lakkol zaune gaban fiyano, yara suna rerawa ba da son ransu ba.

Yadda waƙa ta bar gona ta shiga littafi

Dalilin haka yana da tarihi. Waƙoƙin karkarar Ingila na manoma ne, da matuƙa jiragen ruwa, da sojoji, da barori, kuma galibi da baki kawai ake rera su, babu abin kiɗa. Da masana'antu suka kwashe mutane zuwa birane, sai waƙoƙin suka soma ɓacewa. Masu ilimi suka tashi tattara su. Wani shehun malami na jami'ar Harvard, Francis James Child, ya tara dogayen waƙoƙin labari 305 na Ingila da Sikotilan, aka buga su tsakanin 1882 da 1898, kuma har yau da lambobinsa ake kiransu. Cecil Sharp, malamin kiɗa, ya ji wani mai aikin lambu yana waƙa a ƙauyen Hambridge a 1903, ya rubuta ta, daga nan ya shiga yawon ƙauyuka. Tsakanin 1916 da 1918 ya bi sawun waƙoƙin har duwatsun Appalachia na Amurka, inda jikokin ƴan ƙaura suka riƙe abin da aka manta a gida. Kafin rasuwarsa a 1924 ya tara karin waƙa kusan 5,000.

Aikin ya ceci dukiya mai yawa, wannan babu musu. Amma ya canja mata kama. Abin da tsoho ya rera a bakin murhu, da ja da saki yadda numfashinsa ya ba shi, sai aka daidaita shi bisa takarda, aka haɗa masa fiyano, aka cire kalmomin da ake ganin ba su dace da kunnen yara ba. Sauran kuma aka ajiye cikin ma'ajiyar littattafai ta gidan da aka gina da sunan Sharp a Landan, wanda aka buɗe a 1930.

Bayan yaƙin duniya na biyu wani sabon rukuni ya farfaɗo da waƙoƙin a ƙananan ɗakunan taro, ƙarƙashin mutane irin su Ewan MacColl da A. L. Lloyd. Waɗannan sun maido wa waƙa gishirinta, sai dai wasunsu sun kafa mata shinge. A wurin taron MacColl akwai ƙa'ida cewa kowa ya rera waƙar al'ummarsa kawai. Gitar mai lantarki kuwa, a idon da yawa daga cikinsu, alamar kasuwanci ce da cin amana. A Manchester, a 1966, wani ɗan kallo ya kira Dylan da sunan Yahuza, almajirin da ya sayar da ubangidansa, don kawai ya jona gitar da wuta.

Daga waɗannan ɗakunan taro Sandy Denny ta fito. Ta taɓa soma koyon aikin jinya ta bari, ta riƙa waƙa da gitar ita kaɗai. Da ta shiga Fairport a watan Mayu na 1968, ta zo da tsofaffin waƙoƙi cike da kanta, tana rera su a ɗakin shiri kafin a hau dandali.

Gwaji na farko

A faifan What We Did on Our Holidays, wanda ya fito a Janairun 1969, an sa biyu daga ciki. Ɗaya ita ce Nottamun Town, waƙar shirme mai ban tsoro da ta tsira a jihar Kentucky ta Amurka, a bakin dangin mawaƙiya Jean Ritchie. Ɗayar kuma She Moves Through the Fair, ta ƙasar Ailan. Cikin su biyun makaɗan suna taka-tsantsan, kamar baƙo a zauren da bai saba ba. Muryar Denny ce a gaba, kayan kiɗa suna raɓe a baya.

Sauyin ya zo da A Sailor's Life, a faifai na gaba, Unhalfbricking, wanda aka ɗauka kafin haɗarin, ya fito a Yuli. Labarin waƙar gajere ne: budurwa ta shiga ƙaramin jirgi tana tare manyan jiragen ruwa tana tambayar masoyinta, aka gaya mata ya nutse, jirginta ya daki dutse. An rubuto ta ne a 1899 daga bakin wani manomi na yankin Sussex mai suna Henry Hills. Mai rerawa da baki zai gama ta cikin minti uku. Fairport sun ja ta fiye da minti 11. Boyd ya gayyato Dave Swarbrick, gwanin goge irin na Turawa, wanda ya yi suna wajen masu gargajiya tare da mawaƙi Martin Carthy. Waƙar tana somawa a hankali, babu bugu tsayayye, Lamble yana shafar tasoshin ƙarfe na gangarsa kamar motsin ruwa. Sannu a hankali bugu ya kankama. Da Denny ta ƙare labari sai goge da gitar suka shiga amsa wa juna, wannan ya jefa wancan ya cafe, har ƙarshe.

Abin da aka gano cikin wannan minti 11 shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Matsalar haɗa tsohuwar waƙa da ganga ita ce lokaci: mai rerawa da baki ba ya bin ƙidaya, yana tsawaita kalma in labari ya buƙata, alhali ganga tana son ma'auni. In aka tilasta waƙar ta bi ganga sai ta zama fareti. Lamble, yaro ɗan shekara 19, ya bar waƙar ta ja gaba, shi yana biye. Bai rayu ya ga fitowar faifan ba.

Gidan Farley

Bayan makoki, waɗanda suka tsira suka yanke shawarar ba za su koma rera waƙoƙin da suka saba yi da Lamble ba. Boyd ya kama musu hayar wani tsohon gida a ƙauyen Farley Chamberlayne, kusa da Winchester, suka tare a can da bazarar Turai. Swarbrick ya shigo ƙungiyar gaba ɗaya. Aka ɗauki sabon mai ganga, Dave Mattacks, wanda daga ƙungiyoyin kiɗan gidajen rawa ya fito, bai san waƙar gargajiya ba, bai kuma saba da kiɗan rok ba. Hutchings, da ya samu sauƙi, ya zama kamar almajiri: yana zuwa gidan Cecil Sharp yana tonon littattafai da mujallu, yana komowa da baitoci.

Ranar 24 ga Satumba suka gabatar da sabon aikin a babban zauren Royal Festival Hall na Landan, wuri ya cika maƙil. A watan Oktoba suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Sound Techniques a unguwar Chelsea, tare da injiniya John Wood. Sunan faifan kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi, masu nufin mai biyayya da mai shiri. Waƙoƙi takwas ne, biyar na gargajiya, uku sababbi da aka ɗinka bisa tsohon salo. Kampanin Island ya fitar da shi, ya kai matsayi na 17.

Wanda yake zaton waƙar gargajiyar Ingila zancen furanni ce da tsuntsaye, Matty Groves za ta ba shi mamaki. Ita ce lamba 81 a tarin Child, kuma an riga an ambace ta cikin wani wasan kwaikwayo da aka buga a 1613. Matar wani basarake ta ga talaka a majami'a, ta kira shi gidanta, mijinta ba ya nan. Bara ya ruga ya kai tsegumi. Basarake ya iske su, ya ƙi kashe mutum tsirara, ya ba shi takobin da ya fi kyau, ya bar masa sara na farko, sannan ya kashe shi. Ya tambayi matar wa ta fi so, ta zaɓi gawa. Ita ma ya kashe ta, ya ce a binne su kabari ɗaya, amma a sa ta a sama, saboda ita ƴar manya ce. Denny tana ba da wannan labari babu kuka babu ƙawa, kamar mai ba da shaida gaban alƙali, bas da ganga suna tafiya ƙarƙashinta ba sassauci.

Tam Lin, lamba 39, daga kan iyakar Sikotilan take, kuma an ambaci sunanta cikin wani littafi tun 1549. Budurwa ta ɗauki cikin wani saurayi da sarauniyar aljanu ta sace. Don ta ƙwato shi dole ta fizgo shi daga kan doki cikin dare, ta rungume shi, ta riƙe duk abin da aljanu za su rikiɗa shi ya zama, ko maciji ko zaki, har ya koma mutum. A nan gitar Thompson tana saran kalmomi da ƙarfi, ma'aunin bugu yana canjawa domin ya bi tsawon baiti. The Deserter kuma labarin soja ne da ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala, ya sake gudu, aka yanke masa harbi, sai ɗan sarauta ya yafe masa domin a mai da shi soja. Samarin 1969, masu kallon yaƙin Biyetnam a talabijin, ba su buƙaci a fassara musu wannan ba.

Sai kuma jerin kiɗan rawa guda huɗu babu waƙa, waɗanda Swarbrick ya kawo. Irin wannan kiɗa da goge ko sarewa ake yinsa a ɗakin ƙauye, ƙafar mai kiɗa ita ce ganga. Mattacks ne ya fara nemo yadda cikakkun gangunan zamani za su shiga ciki ba tare da sun danne shi ba, kuma hanyar da ya buɗe ita makaɗa da yawa suka bi bayansa.

Gargajiya mai faci

Ana yawan cewa faifan ya maido wa Ingila waƙoƙinta na asali. Zancen yana buƙatar gyara. Kiɗan rawan nan huɗu na Ailan ne. Tam Lin ta Sikotilan ce. Karin da aka ɗora wa Matty Groves ɗan'uwan wata waƙar Amurka ne mai suna Shady Grove. Reynardine, waƙar mutumin duwatsu mai yaudarar ƴanmata, ta iso gare su ta hannun A. L. Lloyd, kuma masu bincike sun nuna daga baya cewa Lloyd ya yi mata kwaskwarima: a tsofaffin takardu ɗan fashi ne kawai, shi ya ƙarfafa ƙamshin sihirin da ake ji cikinta yau. She Moves Through the Fair ma, wadda ake kira ta gargajiya, mafi yawan baitocinta na wani marubuci ne sananne, Padraic Colum, an buga su a 1909.

Mafi ban dariya shi ne karin Farewell, Farewell, waƙar ban kwana da Thompson ya rubuta bayan haɗarin. Ya aro karin daga wata tsohuwar waƙa kamar yadda mawaƙin Ailan Andy Irvine ya rera ta a 1968. Irvine da bakinsa ya faɗa cewa ya yi kuskure ne wajen duba littafi, ya ɗauko karin wata waƙa dabam ya ɗora wa wannan. Kuskuren ya yi daɗi, ya zauna, yau mutane da yawa suna ɗaukarsa shi ne na kaka da kakanni.

Wannan bai rage wa faifan daraja ba. Manomin Sussex da ya rera wa mai rubutu waƙa a 1899 shi ma daga wani ya ji ta, ya manta baiti, ya cike da nasa. Bambancin kawai shi ne nasa facin babu wanda ya ɗauka a faifai. Lloyd, wanda ya san haka fiye da kowa tun da shi ma mai faci ne, bai shiga sahun masu tsine wa lantarki ba. Ya goyi bayan samarin, har muryarsa ta fito a wani faifansu na 1971.

Kuɗin na wa ne?

Akwai gefen zancen da ɗan kasuwa zai fi saurin ganewa. A dokar Ingila, waƙar da ta tsufa kuma ba a san mai ita ba ta kowa ce, ba a biyan kowa in an rera ta. Amma wanda ya yi mata sabon tsari yana da haƙƙi bisa tsarinsa. Shi ya sa a jikin faifai ake rubuta cewa waƙa ta gargajiya ce, tsarin wane. Wannan ɗan layi shi ke nuna aljihun da kuɗi za su shiga duk lokacin da aka sayi faifai ko aka sa waƙar a rediyo.

Layin ya raba abokai. A 1964 ƙungiyar The Animals ta yi kasuwa a duniya da tsohuwar waƙar The House of the Rising Sun, sai aka rubuta sunan mutum ɗaya cikinsu, Alan Price, a matsayin mai tsari, sauran suka tashi da hannu biyu, kuma sun daɗe ba su manta ba. Martin Carthy ya koya wa Paul Simon tsarinsa na Scarborough Fair a Landan, waƙar ta fito a Amurka a 1966 babu sunansa, ba su shirya ba sai a shekara ta 2000. Dylan ya ɗauki karin Nottamun Town ya ɗora wa waƙarsa Masters of War, har sai da Jean Ritchie ta yi ƙorafi aka sasanta da kuɗi. Fairport sun fi waɗannan tsabta, don sun rubuta gaskiya cewa waƙoƙin na gargajiya ne, tsarin ne nasu. Amma su ma tsarin dokar bai tanadi komai ba domin zuriyar manomin da aka rubuto waƙa daga bakinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rabuwa

Kafin faifan ya shiga kasuwa mutum biyu sun fita, kuma dalilansu kishiyoyin juna ne. Denny, wadda ta kawo tsofaffin waƙoƙin, ta ji tsoron za a rufe ta cikinsu alhali tana da nata da take son rubutawa, sai ta kafa Fotheringay. Hutchings kuwa gani ya yi ba a nutsa cikin gargajiya yadda ya kamata ba, ya tafi ya kafa Steeleye Span, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Thompson ya tsaya har faifan Full House, ya fita a farkon 1971.

Wasu ƙasashe suka kama hanyar. A Ailan Horslips suka yi haka da nasu kiɗan. A Faransa Alan Stivell ya cika zauren Olympia na Paris a watan Fabrairun 1972 da waƙoƙin Biritaniya ta Faransa, da molon gargajiya mai tsirkiya da yawa tare da gitar mai lantarki, sannan Malicorne suka biyo da tsofaffin waƙoƙin Faransanci.

Denny ta rasu a watan Afrilun 1978 tana da shekara 31, ƴan makonni bayan ta faɗo daga matakala. Ƙarar lantarki ta lalata wa Swarbrick kunne, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ta yi wasan ban kwana a ƙauyen Cropredy a 1979. Ban kwanan ya koma taron shekara-shekara. A can ne, a 2007, mutum biyar da suka rage daga masu faifan suka kaɗa shi daga farko har ƙarshe, mawaƙiya Chris While tana tsaye a gurbin Denny.

Swarbrick ya rasu a 2016, amma ya riga ya karanta ta'aziyyarsa tun 1999, lokacin da jaridar Daily Telegraph ta buga labarin mutuwarsa bisa kuskure yana kwance a asibiti. Kamar yadda ya riƙa ba da labari, da ya warke sai ya kwafi takardar da yawa, yana sa hannu yana sayar wa ƴan kallo fam ɗaya ɗaya a wuraren wasa, har sai da jaridar ta aiko masa cewa ya daina, domin haƙƙin rubutun nata ne.